Mikro mai pil a jikin gita: a saya ko a fara gyara sauti?



Duk mai zuwa bukukuwa ko wasannin orkes a 'yan shekarun nan ya san sautin gita ya ƙara ƙarfi, kuma sau da yawa ya ƙara zafi a kunne. Cikin matasan makaɗa kuma an shiga wani yayi na sauya mikron gita, wato wannan ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin tsarkiyoyi yana ɗaukar sauti. Suna cire na asali su saka wanda ke aiki da pil. Wasu na cewa shi ne ci gaba, wasu na cewa yana kashe daɗin kiɗanmu. Mu dai ra'ayinmu shi ne mikro mai pil kayan aiki ne mai kyau, yana warkar da wasu cututtuka na gaskiya, amma yawancin abin da ke damun kunnuwanmu a wajen biki daga maɓallan daidaita sauti yake fitowa, kuma gyaransa ba ya cin ko dala.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don mu yi gardama a kan abu ɗaya. Mikron gita maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Idan tsarkiya ta ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya haifar da 'yar ƙaramar wuta, ita ce ke bin kabul zuwa ampili. Wannan shi ne mikro marar pil, irin na Fender Stratocaster da aka fara ƙerawa a 1954. Shi kuwa mai pil, an dasa masa ɗan ƙaramin ampili a cikinsa, yana cin pil mai volt 9, kuma shi ke ƙarfafa sautin tun kafin ya bar jikin gita. Kamfanin EMG na Kaliforniya a Amurka, wanda Rob Turner ya kafa a 1976, shi ya fi yin suna da wannan. Daga baya Seymour Duncan ya fito da Blackouts, Fishman kuma ya fito da Fluence.

Masu son sa suna da hujja, kuma ya kamata mu ba su gaskiyarsu. Abu na farko shi ne gurnani. Kuran da muke amfani da shi yana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma mikro marar pil mai naɗi guda yana tsintar wannan juyawa kamar eriya. Ga fitilun neyon, ga gurup na aiki a bayan rumfa, ga wayoyin da aka harhaɗa cikin gaggawa. Sai ka ji bafur na "zzzz" ko da mai gita bai taɓa komai ba. Mikro mai pil ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne tsawon kabul. Mai gitar biki ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya shiga tsakiyar fili, ya je gaban amarya, ya dawo. Da mikro marar pil, duk tsawon da kabul ya ƙara sai kaifin sauti ya ragu, kamar an rufa wa bafur bargo. Mai pil yana tura sautinsa ta doguwar waya ba tare da ya dusashe ba. Haka nan idan aka soka gita kai tsaye cikin teburin mai sono, abin da ake yawan yi idan babu ampilin gita, mai pil ya fi jure wa hakan.

Abu na uku ya shafi rai. A gita ta gargajiya akwai wata waya da ke haɗa tsarkiyoyi da jikin ampili don rage gurnani. Idan wayoyin wuta na wurin ba su da kyau, babu layin ƙasa, wannan waya na iya kai wa makaɗi jan wuta a hannu. EMG na ba da shawarar a bar wannan waya a cire idan an saka mikronsa, kuma hakan na rage haɗarin. Bai kawar da shi duka ba, domin mikron waƙa ma na iya jan mutum a leɓe, amma ragi ne da ba za a raina ba.

To, da wannan alheri duka, me ya sa muke cewa a yi hattara?

Saboda wane mikro ake saye, kuma don wane kiɗa aka yi shi. Wanda matasa suka fi gani a bidiyon intanet shi ne EMG 81 da abokinsa 85, waɗanda makaɗan metal irin su James Hetfield da Kirk Hammett na Metallica da Zakk Wylde suka yayata. Kiɗansu na son sauti mai nauyi, matsattse, wanda kowane bugu ke fita da ƙarfi ɗaya. Kiɗan gitarmu kuwa daga wani gida ya fito. Yatsun makaɗanmu tarbiyyar molo da gurmi da tahardant gare su: tsarkiya ɗaya na riƙe amo a ƙasa, sauran na yawo a sama, ana ɗan taɓawa, ana ɗan ja, wani bugu a hankali wani da ƙarfi. Daɗin yana cikin wannan bambanci. Mikron da ke da ƙarfin fita sosai yana cika bakin ƙaramin ampili tun daga bugun farko, sai na hankali da na ƙarfi su zama kusan ɗaya. Shi ne abin da dattawan masu saurare ke nufi idan suka ce gitar yaran nan tana ihu amma ba ta magana.

Mu duba Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, yau kuma duniya ke sauraren Afrique Victime na 2021. Gitar da aka fi ganin sa da ita Stratocaster ce ta bahago, samfurin da aka san shi da mikro marasa pil. Gitarsa ta farko ma da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsarkiya. Mutane sun fara son kiɗansa ne ta katin memori da wayoyin hannu, inda babu wani ingancin sauti da za a yi alfahari da shi. Abin da ya ratsa ta cikin waɗannan ƙananan wayoyi har ya kama zukata, yatsu ne da kunne.

Kada kuma a ɗauka duk mikro mai pil na 'yan metal ne. David Gilmour na Pink Floyd ya yi shekaru yana kaɗa jar Stratocaster mai EMG SA, kuma sautinsa garau yake, mai laushi. Ke nan ko a cikin masu pil akwai zaɓi. Matashin da ya tara kuɗin wata da watanni, har wani lokaci kuɗin mikro biyu ya kai na gitar da za a saka wa su, ya cancanci a gaya masa wannan kafin ya saya.

Akwai kuma ɗawainiyar da mai sayarwa ba ya faɗa. Maɓallan ƙara na gita marar pil masu 250k ko 500k ne, na EMG kuwa 25k ne, don haka sai an sauya su tare da ramin soka kabul. Sai an nemo wa pil wurin zama a jikin gita, a wasu ma sai an kwance sukurori kafin a kai gare shi. Pil yana fara ci ne da zarar an soka kabul, ko ana kiɗa ko ba a yi. Kamfanin na cewa mikro ɗaya na 81 zai iya kai awa 3000 da pil guda, amma wanda ya bar kabul a soke dare da rana, da mikro biyu, da irin pil ɗin da ba a san asalinsa ba, kada ya jira wannan lissafi. Idan pil ya fara mutuwa sauti na raguwa yana karcewa, idan ya mutu gita ta yi shiru ɗif. A tsakiyar biki a ƙauye, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ina za a samo mai volt 9? Duk mai irin wannan gita ya riƙa cire kabul idan ya gama, ya kuma ajiye pil na biyu a jaka.

Yanzu ga inda muke ganin gyaran yake. Kowane ampili na da maɓallai uku, an rubuta Bass, Middle da Treble, wato ƙasa, tsakiya da sama. Al'adar da ta yi yawa ita ce a murɗa na ƙasa da na sama har ƙarshe, a rage na tsakiya. Idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki, wannan na da daɗi. A cikin orkes kuwa masifa ne, domin gita a tsakiya take rayuwa. Tsarkiyarta mafi kauri na girgiza kusan sau 82 a sakan, wato 82 Hz, mafi siriri kuma wajen 330 Hz. Abin da ke ƙasa da haka filin gitar bas ne da babbar ganga. Wanda ya ƙara ƙasa ya shiga gonar mai bas, wanda ya rage tsakiya ya ɓatar da kansa, sai ya ji ba a jin sa, sai ya ƙara ƙara, sai mawaƙi ma ya ce a ƙara masa. Kafin a ankara kowa na ihu, tsofaffi sun tashi sun bar wurin.

Ga wanda ke da ɗan akwatin egalizer na ƙafa, irin Boss GE-7, aikin ya fi sauƙi. Yana da layi bakwai: 100, 200, 400, 800, 1600, 3200 da 6400 Hz, kowanne ana iya ɗaga shi ko sauke shi har desibel 15. Shawararmu a fara da komai a tsakiya, sannan a riƙa ragewa kafin a yi tunanin ƙarawa, musamman da mikro mai pil wanda dama ya zo da ƙarfinsa. A sauke 100 don a bar wa bas wurinsa. Idan sauti ya yi kamar daga cikin randa yake fitowa, a ɗan sauke 200 ko 400. Layin 800 shi ke ba gita jiki, shi ne kuma ke sa a ji ta a ƙaramar waya, inda yawancinmu ke sauraren bidiyon biki washegari, don haka kada a kashe shi. Layin 3200 shi ne wuƙa. A wannan yanki kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji, a nan ne kuma baƙaƙen kalmomin mawaƙi ke fitowa. Idan gita ta mamaye shi, kunne zai yi zafi kuma ba za a gane abin da ake rerawa ba, alhali a waƙar Hausa kalma ce sarauniya: an zo jin sunan ango da na iyayensa ne. Shi kuwa 6400, a sauke shi sosai idan gita ta shiga teburin sono kai tsaye, domin lasifikar ampilin gita da kanta take yanke abin da ya haura wajen 5000 Hz, amma manyan bafur na sono suna fitar da shi duka, shi ne wannan tsatsar da ke kama da ana soya abu a mai.

Ƙarin abu biyu. Maɓallin ƙara na jikin gita ba ado ba ne. A mikro mai pil ana iya rage shi ba tare da kaifin sauti ya tafi ba, kuma rage shi kaɗan na dawo da bambancin bugun hankali da na ƙarfi. Sannan ba a gyara sauti a tsaye kusa da ampili, domin lasifika na harba kaifinta gaba ne, zuwa fuskar mutanen da ke zaune, yayin da makaɗi ke jin abin da ya bi ta gwiwarsa. A tura mutum ɗaya tsakiyar fili ya saurara, kuma a gyara lokacin da dukan orkes ke kaɗawa tare.

Wani zai ce wannan ai sha'anin makaɗa ne, ina ruwan mai saurare? Ruwanmu ne, don kunnuwan namu ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A bukukuwanmu kuma su wa ke zama dab da bafur? Yara ƙanana, da jarirai a bayan iyayensu mata. Wanda ya koma gida kunnensa na ƙugi har safe, jikinsa ne ke gaya masa an yi ɓarna. Mai biki da ya biya kuɗin orkes yana da ikon ya ce wa mai sono: "Malam, don Allah a rage kaifin gitar nan, muna son mu ji waƙa." Faɗin haka ba raini ba ne, kuma mai sonon kirki zai ji daɗin an lura da aikinsa.

Ga ƙannenmu masu gita, ga tsarin da muke ganin ya fi: a sauya tsarkiyoyin da suka yi tsatsa, a sayi kabul mai kyau, a zauna da ampili a koyi abin da kowane maɓalli ke yi, a saurari gurmi da molo a ji yadda suke barin wuri ga murya. Idan bayan haka gurnani da doguwar waya na nan suna hana aiki, to a sayi mikro mai pil da zuciya ɗaya, a zaɓi wanda ya dace da kiɗanmu, a sa pil na biyu a aljihu. Wanda bai riga ya koyi sauraro ba kuwa, ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Allah ya ba makaɗanmu basira, ya kare mana lafiyar kunnuwanmu. Sai mun ji naku ra'ayin.