Igiya Ba Magani Ba Ce

Yau faɗa na zo yi, kuma da mu mata zan yi shi. Wadda ta ji zafi ta yi mini afuwa, gaskiya dama ɗaci gare ta.

A watan Agusta na 2020 sunan unguwarmu Badariya ya zaga ƙasar nan kaf, kuma ba da alheri ba. An samu wani yaro ɗan kimanin shekara 10 ɗaure a wurin dabbobi cikin gidan ubansa, inda ya kwashe kusan shekara 2 bayan rasuwar mahaifiyarsa. 'Yan sanda suka kama uban da matansa, aka kai yaron asibitin Sir Yahaya a nan Birnin Kebbi. Duk wadda ta ga hotonsa sai da ta yi salati, wasu har da kuka. Muka yi ta Allah wadai a gidan suna da gidan biki, bayan mako biyu kowa ta koma harkarta.

Ba ina cewa larurar wannan yaro da ta ɗiyata iri ɗaya ba ce. Abin da ya haɗa su shi ne igiya. Domin wallahi daga cikin matan da suka fi kowa tsine wa mutanen gidan nan, akwai waɗanda suka taɓa zama a tsakar gidana suka ce mini, "Ke dai ki sa a ɗaure ta, in ta ji igiya za ta natsu." Ashe igiya a gidan wani ce take zalunci, in an zo gidanka sai ta zama shawara?

Ɗiyata tana da ciwon da likitoci ke kira baifola, wato ciwon sauyin yanayi mai fuska biyu. Ya fara mata tana shekara 16. Bari in gaya muku kamanninsa, don na tabbata wata a cikinku za ta gane shi a gidansu.

Fuska ta farko ita ce tashi. Yarinya mai kunya, wadda ko ido ba ta iya haɗawa da babanta, sai ki ga ta daina barci, kwana uku, kwana huɗu, kuma ba ta jin gajiya. Magana ba tsayawa, daga wannan zance ta faɗa wancan. Ta kwashe atamfofinta ta rabar, ta ci bashi, ta ce gobe za ta buɗe shago uku a babbar kasuwa. Ki ce mata kul, ta taso miki kamar za ta cinye ki. Wannan yakan ɗauki mako guda ko fiye. Fuska ta biyu ita ce faɗuwa. Sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ba ci, ba wanka, ba magana, sai hawaye, tana cewa ita ba ta da amfani a duniya. Wannan kuma yakan kai mako biyu, wani lokaci watanni. Tsakanin waɗannan biyun kuwa garau take, ta yi karatunta, ta yi girki, ta yi sallarta kamar kowa. Mu da muke bakin gulbi mun san wannan hali. Da damina ruwa ya cika ya tumbatsa ya cinye shinkafa a fadama, da rani ya janye har yara su tsallaka da ƙafa, alhali gulbin ɗaya ne.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana bin jini a wasu dangi kamar yadda ciwon suga da hawan jini ke bi, kuma galibi yana bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma hannun kishiya ba ne.

To amma ku ji irin maganin da 'yan uwana mata suka kawo mini, kala uku.

Na farko, aljanu. Da yarinya ta ɗaga murya sai a ce mutanen ɓoye ne suka hau ta. A kawo hayaƙi, a kawo turare, a rufe ta da bargo tana shaƙa har ta suma, a ce ai ga shi ya fita. Ni musulma ce, kullum ina yi wa ɗiyata addu'a, ina tofa mata, kuma ba zan daina ba. Amma ku gaya mini, wace uwa ce ɗanta zai karye a ƙafa ta ce addu'a ta isa, ba sai an je wurin mai ɗori ba? Addinin da ya koya mana addu'a shi ya umarce mu da neman magani. Abin takaici, tashin nan da kansa yakan lafa bayan 'yan makonni, sai mai hayaƙi ya ce aikinsa ne, ya karɓi rago. In ya dawo baɗi sai ya ce wani sabon aljani ne, ya karɓi wani ragon. Ta haka ake cinye dukiyar gida, yarinya kuwa shekarunta na karatu suna tafiya.

Na biyu, igiya da gidan mari. Kun manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da maza da yara wajen 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala? Bayan 'yan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Waɗannan mutane ba sato su aka yi ba. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi.

Na san abin da za ku ce, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Za ku ce, "Hajiya, in ba a ɗaure ta ba za ta fita titi, mota ta buge ta, ko wani ɗan iska ya lalata ta." Wannan tsoron gaskiya ne, na kwana da shi ba sau ɗaya ba. Na san abin da ake nufi da uwa ta kwana zaune a bakin ƙofa, kunnenta na kan sakata. Amma ranar da kika ga ta fi ƙarfinki, ranar ce ta neman mota da maza biyu na gida a kai ta asibiti, inda za a ba ta abin da zai sa ta yi barci ta sauko. Igiya ba ta saukar da komai. Ƙafa take cinyewa, ta koya wa yaro cewa uwarsa abokiyar gaba ce. Kuma yaron da aka ɗaure yau, gobe in ya ji ciwon na tasowa ɓoye miki zai yi.

Ku sani kuma doka ta canza. Tun zamanin Turawa, daga 1916, sannan da dokar 1958, ana ɗaukar mai taɓin hankali a ƙasar nan kamar wanda za a tsare ne kawai. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tabbatar cewa mai wannan larura mutum ne mai haƙƙi da mutunci kamar kowa. Ko gwamnati ta waye, mu iyaye ne za a bari a baya?

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai, aure. Wata gwaggonta ta zo takanas ta ce mini, "Mi kike jira? Ɗiyar ga aure take so. Ki yi mata miji tun kan zance ya fita, in ta ga ɗakinta duk za ta bari." Haba Gwaggo! Yaushe miji ya zama ƙwayar magani? A ɗauki yarinyar da rashin barci ke tayar wa ciwo, a kai ta gidan da za ta kwana tana hidima, ga uwar miji, ga dangin miji, wataƙila ga kishiya, kuma ba wanda ya san tana shan magani. Don kunya sai ta ɓoye maganin, daga nan ta daina sha. Sai ciki, sai haihuwa. Likitoci sun tabbatar cewa makonnin farko bayan haihuwa suna cikin lokutan da wannan ciwo ya fi tashi da ƙarfi. Sai a dawo miki da ita da jariri a baya da takarda a hannu, a ce kun ha'ince su. Kuma gaskiyarsu ce, an ha'ince su. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ban ce mai wannan ciwo ba za ta yi aure ba. Za ta yi, ta haihu, ta riƙe gidanta da kyau. Amma sai ta samu sauƙi, sai mai nemanta ya san gaskiya tun kafin a karɓi sadaki, ya kuma yarda zai raka ta wurin likita. Wanda ya gudu da ya ji gaskiya, Allah ya raka taki gona, gara ya gudu yanzu da ya gudu ta haifi uku. Kuma kafin ta ɗauki ciki lallai a sanar da likita, domin akwai maganin wannan ciwo, irin wanda ake kira balfurowet, da ke iya nakasa jariri a ciki, sai an sauya mata wani.

Magani yana nan, ba yau aka samo shi ba. Tun 1949 wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya gano cewa sinadarin litiyom yana kwantar da wannan tashin, kuma har yau ana amfani da shi, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai don a kula da ƙoda. Akwai wasu magungunan ban da shi. Akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a babban asibitin Zauro, ga kuma asibitin gwamnatin tarayya na Kware kusa da Sakkwato, wanda aikinsa ke nan kacokan. Na san da an ce Kware sai gabanki ya faɗi, don mun mayar da sunan garin abin zagi. To ni na je, na zauna a kan benci na jira layi, kuma waɗanda na gani a wurin mutane ne irina da irinki, iyaye riƙe da katin 'ya'yansu.

Ba zan yaudare ku ba, akwai wahala. Kuɗin mota, kuɗin magani kowane wata, ga maganin wani lokaci yana sa ƙiba ko rawar hannu ko yawan barci, har yarinya ta ce ta gaji. Amma ki lissafa ragunan da aka ba masu hayaƙi, ki gaya mini wanne ya fi tsada.

Ga abin da shekarun nan suka koya mini, na ba ku kyauta. Ki tsare barcinta kamar yadda kike tsare zinarenki, in an yi biki ta dawo gida da wuri. Ki sami ɗan littafi kina rubuta ranar da barci ya fara raguwa ko magana ta fara yawa, ki kai wa likita tun kafin abu ya yi nisa. Kada a daina magani don an ga sauƙi, saukin nan maganin ne ya kawo shi. Kada ki karɓi ƙwaya a kemis ba da takardar likita ba, domin wasu magungunan damuwa in an sha su kaɗai suna iya tayar da ciwon. In azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a yi da lokutan sha. In tana cikin tashi kada ki yi gardama da ita, ki sassauta murya, ki ɗauke kuɗi daga kusa da ita. In kuwa tana cikin faɗuwa ta ambaci mutuwa, kada ki ce wasa take, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, a kai ta asibiti a ranar. Ke ma uwa ki nemi mai karɓar ki, ki samu ki runtsa, domin in kin faɗi wa zai riƙe ta?

Tun 1954 wani likitanmu na Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda marar lafiya ke zama cikin ƙauye tare da ɗan uwansa yana karɓar magani, maimakon a kulle shi. Har Turawa suka yaba da dabarar. Ya gane cewa dangi rabin magani ne. Mu da Allah ya ba dangi da maƙwabta, sai muka mayar da su rabin ciwon.

Saboda haka ke maƙwabciya, in kin ji ihu ta katanga, kada ki ɗauki mayafi ki tafi kai rahoto gidan Hajiya wance. Ki shigo ki ce, "Inna, mi zan kama miki?" Ki riƙe mata ƙananan yara ta samu ta je asibiti. Ku kuma 'yan mata, ƙawarku da ta dawo makaranta bayan jinya, ku matsa mata wuri a benci, kada ku raɗa mata suna. In kuwa kika ga ɗan mutum ɗaure a turke, ko a gidan wa, ki faɗa wa mai unguwa ko hukuma, ba gulma kika yi ba, rai kika ceta.

Ɗiyata tana shan maganinta, ta gama sakandare, tana ɗinki. Wata rana ciwon kan leƙo, mu tare shi da wuri. Ba na ɓoye ta, ba kuma na jin kunyarta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba iyayensu juriya, ya kuma tsare harsunanmu. A nan zan dasa aya. Wassalam.