Raddi Ga Masu Cewa Hutar Da Ɗan Wasa Ragwanci Ne

Wasu masu sharhin ƙwallon kwando sun kafe a kan cewa duk ƙungiyar da kakar wasa ta juya wa baya, in ta zaunar da manyan 'yan wasanta da sunan jinya, ragwanci ne da ha'inci. Hujjojinsu huɗu ne, kuma abin da ya sami Golden State Warriors ta Amurka ya isa ma'auni.

Na farko, suka ce rauni uzuri ne, ai kowace ƙungiya da majinyatanta. Amsa ita ce, mutum biyar kacal ke shiga fili, don haka rashin gwani ɗaya giɓi ne babba, balle uku. A wasannin ƙarshe na 2019 agarar Kevin Durant ta tsinke, daga baya ya koma Brooklyn. Jijiyar gwiwar Klay Thompson ta tsage. A Oktoba kuma Stephen Curry ya karye a hannun hagu. Ƙungiyar da ta ci wasa 57 a kakar baya, sai ga ta da nasara 15 da shan kashi 50. Kocin bai canja ba, Steve Kerr ne dai.

Na biyu, suka ce jarumi ya daure ya buga. To, Durant ya daure. Bayan kusan wata guda yana jinyar sharaɓa, ya dawo a wasa na biyar na waɗancan wasannin ƙarshe da Toronto, ya yi minti 12 agarar ta tsinke, ya rasa kaka guda cur. Garin neman gira aka rasa ido, alhali kofi ake nema a ranar. Ina ga ƙungiyar da ke can ƙasan teburi?

Na uku, suka ce dabara ce ta faɗuwa da gangan don a samu zaɓin farko cikin sababbin 'yan wasa. A lokacin, bisa tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙarshe kashi 14 cikin 100 kowace ke da shi a ƙuri'ar. Warriors zaɓi na biyu ta samu, ta ɗauki James Wiseman, wanda bai tsinana mata abin kirki ba. Da faɗuwa ake so, me ya sa aka mayar da Curry fili a Maris 2020 da zarar ya warke?

Na huɗu, suka ce an ci haƙƙin 'yan kallo. Nan suna da gaskiya, amma a kan lafiyayye kaɗai. Shi ya sa hukumar NBA ta ci tarar San Antonio dala 250,000 a 2012, da Dallas dala 750,000 a 2023, don zaunar da 'yan wasan da za su iya bugawa. Kuskuren masu sharhin shi ne yi wa majinyaci da lafiyayye kuɗin goro.

A waccan muguwar kaka ta Warriors matashi Jordan Poole ya samu damar gogewa, aka kuma kawo Andrew Wiggins. Thompson ya ƙara da tsinkewar agara, aka jira shi shekara biyu da rabi. A 2022 Poole da Wiggins tare da Curry da Thompson suka doke Boston suka ɗauki kofi. Duk mai zargin ha'inci, ya fara kawo shaidar cewa wanda aka zaunar lafiyarsa lau.