Windows 10 ta yi ritaya, ram ta yi tsada: a gyara tsohuwar kwamfuta ko a sake wata?

Abubuwa biyu sun faru a ƙarshen shekarar 2025, dukansu nesa da Abidjan, amma nauyinsu ya sauka a kan teburan masu gyaran kwamfuta na Adjamé da butik-butik na Treichville. Na farko, ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Na biyu, farashin ram, wato ƙananan sandunan nan da kwamfuta ke riƙe aiki da su, ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya. Duk matashin da ke tara kuɗi don ya ɗaga tsohuwar kwamfutarsa ta iya jan wasan ƙwallo, da duk uban da yaro ya dama da "Baba, a sake mana wata", waɗannan abubuwa biyu su ne suka canza masa lissafi.

Kada wani ya ce wasa ne kawai, me ya kai shi shafin labarai. A gidajenmu kwamfuta ɗaya ce take komi. A kanta yaro ke rubuta aikin lakwal, a kanta yayarsa ke cika takardun jami'a, a kanta maigida ke duba lissafin kaya, da dare kuma ta koma filin ƙwallo. Wasan kansa ya zama sana'a a garin nan, tun da kamfanin Paradise Game ya fara shirya bikin FEJA a 2017, inda matasa daga ƙasashen Afirka ke zuwa gasa. Sannan ga batun kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa jika 75 ne tun Janairun 2023, sefa kuma a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Kayan yuro 100 ya haura jika 65 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya yi kuskure a nan, albashin wata guda ya zubar.

Mu fara da Windows. Daina kula ba ya nufin kwamfuta za ta mutu. Za ta tashi, wasa zai buɗe. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke turowa kowane wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A garin da kowa ya san aikin brouteurs, barin na'urar da ake shiga imel da asusun kuɗi a kanta ba faci ba ƙaramar kasada ba ce. Microsoft ta buɗe wata ƙofa ta shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026: ko mutum ya biya dalar Amurka 30, ko ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a adana saitinsa a can. Bayan wannan rana, sai Windows 11.

To, a nan gizo ke saƙa. Windows 11 ba ta karɓar kowace kwamfuta. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman furosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Zubi na 8 ya fara fitowa a ƙarshen 2017. Ke nan yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin nan sun faɗo daga layi, ko da lafiyarsu ƙalau. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi tun a 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Mu da muka san hanyar kayan "France au revoir" mun san inda wani kaso na irin wannan shara ke ƙarewa. Ofisoshin Turai na sauke tsofaffin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, dillalai su kwashe, kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa, kaya su bayyana a Black Market an goge su suna ƙyalli. Za a ga araha, amma araha ba ta ado.

Abu na biyu kuma, ram. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwarta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira da ake ginawa suna haɗiye wata irin ram ta musamman mai tsada, ribarta ta fi ta kwamfutar gida nesa ba kusa ba, don haka masana'antun suka karkata can. A lokaci guda suna rage ƙera DDR4, wadda ita ce ke cikin kwamfutocin zubi na 6 zuwa na 10 da suka cika kasuwarmu. A watan Disamban 2025 Micron ta sanar cewa za ta daina sayar da kayanta masu tambarin Crucial ga masu saye ɗai-ɗai. Shekarun baya, shawarar da kowane mai gyara ke bayarwa ita ce "ƙara ram kawai", don ita ce gyara mafi sauƙin kuɗi. Yanzu wannan shawara tana buƙatar a sake auna ta.

Idan aka haɗa biyun, abin da ya fito fili shi ne: lambar zubin furosesa ita ce ke yanke hukunci, ba tambarin i5 ko i7 da aka manna a gaba ba. Lambar tana nan a rubuce. A i5-6500, lamba ta farko 6 ce, zubi na 6. A i5-8500, zubi na 8 ne. Na farkon ƙwaya huɗu gare shi, na biyun shida, kuma shi ne Windows 11 ke karɓa. Mai kaya zai ce maka "alhaji, i7 ce fa", alhali i7-4770 ce ta shekarar 2013, wadda i5-8500 ta fi ta ƙarfi da tsawon rai. Haka sunayen akwatunan: OptiPlex 7040 da 7050 suna ƙasa da layin, 7060 ta haye. EliteDesk 800 G3 tana ƙasa, G4 ta haye. Bambancin lamba ɗaya, amma shi ne bambancin shekaru.

Wanda kwamfutarsa zubi na 8 ce ko sama, gyara ya fi masa. Ya fara da SSD idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, don babu abin da ke farkar da kwamfuta kamarsa. Sai ram: sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya ta giga 16 gudu, saboda hanya biyu suke bi. Idan akwai giga 8 a ciki, a ƙara mata 'yar'uwa ta hannu, wadda aka gwada, a tsaya nan. Sai katin hoto, wanda shi ne zuciyar wasa. A nan a yi hattara da ƙananan akwatunan ofis. Wurinsu matsattse ne, akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa kuma filoginsa na kamfanin ne kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa. Katin da ya dace da su shi ne gajere wanda ke shan wuta daga ramin allon kawai, wat 75 iyaka, irin GTX 1650 ko RX 6400. Wanda ya sayo babban kati bai auna ba, zai dawo gida ya tarar murfi ya ƙi rufuwa.

Wanda tasa zubi na 6 ko na 7 ce, yana tsakiya. Za ta ja masa wasa yau. EA Sports FC 25, alal misali, mafi ƙarancin abin da ta nema shi ne i5-6600K da ram giga 8 da GTX 1050 Ti, eFootball kuma ba ta kai haka nema ba, kyauta ma ake sauke ta. Amma kada ya zuba kuɗi a abin da ba zai bi shi ba. SSD da katin hoto da ram ta DDR4 duk za su iya ƙaura zuwa akwati na gaba, saboda haka sayensu ba asara ba ne. Sake furosesa a kan tsohon allo kuwa, zuba ruwa ne a rariya. Shi ma katin a duba shekarunsa: Nvidia ta daina fitar da sabbin direbobin wasa ga jerin GTX 900 da GTX 10 bayan Oktoban 2025, sai facin tsaro kaɗai zuwa 2028. GTX 1650 ba ta cikin waɗanda aka sallama.

Wanda tasa zubi na 4 ce ko ƙasa, mai DDR3, SSD ƙarama ita ce iyakar abin da ya kamata ya kashe. Ta ci gaba da aikin lakwal, kuɗin wasa a tara su don akwatin zubi na 8. Akwai masu cewa a sa mata Linux, kuma gaskiya ne tana raya tsofaffin na'urori, wasanni da yawa na Steam ma suna tafiya a kanta. Sai dai waɗanda yaranmu suka fi so, irin FC da Fortnite da Valorant, ba sa buɗewa a can saboda manhajojin hana maguɗi.

Wani zai ce ai a Adjamé ana sa Windows 11 a kowace kwamfuta. Ana sawa, ta bayan gida, ta hanyar tsallake binciken. Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin waɗannan na'urori ba su da tabbacin samun sabuntawa. Su ma kamfanonin wasa sun fara bincike da kansu: Call of Duty: Black Ops 7 da ta fito a Nuwamban 2025 ba ta tashi sai da TPM 2.0 da Secure Boot, Battlefield 6 ma tana neman Secure Boot. Ganin Windows 11 a fuskar allo ba shaida ba ce. Ba kuma ana nufin gobe wasanni za su rufe wa Windows 10 ƙofa ba. Microsoft ta saki Windows 7 a Janairun 2020, Steam ba ta sake ta ba sai 1 ga Janairun 2024. Akwai lokaci, amma hanyar guda ce, ba ta komawa baya.

Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A kunna kwamfuta a gaban mai kaya, a buɗe bayanan na'ura a karanta lambar furosesa da ido. A rubuta tpm.msc a ga ko 2.0 ce. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki da lafiyarsa, GPU-Z kuma tana tona asirin katin da aka sake wa suna. Katunan RX 580 da suka cika kasuwannin duniya bayan an daina haƙar Ethereum a Satumban 2022, da yawansu sun kwana suna aiki dare da rana, don haka a sa wasa ya yi minti ashirin a kai a ga ko hoto zai tsage. A nemi takarda mai ɗauke da kwanakin garanti. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin gwaji, kuma da yawa daga masu butik ɗin nan 'yan'uwanmu ne, makwabtanmu ne, gobe ma za a haɗu. Su ma ya kamata su riƙa rubuta zubi a jikin kaya, don wanda aka yi wa rufa-rufa sau ɗaya ba ya dawowa, ba ya turo ƙaninsa.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani ranar saye. Kuɗin kuran ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 tun Janairun 2024. Babbar kwamfutar wasa mai jan wat 400, awa huɗu kullum, ta sha kilowat 48 a wata. Ƙaramin akwatin ofis da katinsa mai jan wat 150 zai tsaya a 18. Ga zafin Abidjan da danshin teku da ƙura, ga ɗaukewar wuta ba sallama. Ondulair mai kare na'ura da tsaftace fanka duk bayan 'yan watanni sun fi fitilu masu launi amfani.

Ga iyaye kuwa, ba sai kun san ram ba kafin ku sa baki. Tambaya uku sun isa: zubi na nawa ce, wane wasa ake so ta ja, kuma abin da za a saya yau zai shiga kwamfutar gaba? Yaron da ya iya amsa waɗannan ya yi bincikensa, ya cancanci a taimaka masa, a kuma yi yarjejeniya da shi kan lokacin wasa da lokacin karatu, musamman mai BEPC ko BAC a gaba. Wanda ya kasa amsawa, a ba shi mako guda ya je ya koyo. Kuɗin na iya jira, kasuwar ba ta gudu. Ranar da ba ta jira ita ce 13 ga Oktoba 2026, kuma duk gidan da ke da Windows 10 ya kamata ya san matsayin kwamfutarsa kafin ta zo.