Yaron Barga Ma Ɗa Ne

Jama'a, ran hawan Salla kowa mahayi ya ke yabo. Ba mai tambayar wanda ya yanko ciyawa, ya jiƙa dusa da kanwa, ya kai doki kilisa. Ɗan talaka ne, ladansa tuwo da tsohuwar riga. Ran da ciwon ciki ya kashe dokin, shi za a kora.

To, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana yaye likitocin dabbobi. Mu dai buƙatarmu a buɗe wa yaran barga aji da Hausa, su koyi gyaran kofato, barbara da gane cuta, a ba su takardar shaida. 'Yan kasuwar Sabon Gari, 'ya'yanku ne, ku ɗaga murya. Mai takarda shi ke yanka wa kansa lada.