Amanar Mai Sito Ba Ta Ƙarewa A Bakin Ƙofa

Duk wanda ya kama hanyar Katsina daga birnin Kano, ya iso Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, inda aka kafa kasuwar hatsi a shekarar 1985, ta yi ta bunƙasa har ta shiga sahun gaba cikin kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma, abin da zai fara cika masa ido shi ne sito-sito jere reras, da manyan motoci masu ɗaukar wake da masara da riɗi da zoɓorodo zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da bakin teku, da 'yan dako suna kai da kawowa, gumi na tsatssafo musu. Wannan ni'ima ce daga Allah, wajibi ne a gode masa a kanta. Amma wanda ya daure ya zaga bayan waɗannan gine-gine, a nan ko a kowace kasuwar hatsi ta ƙasarmu, zai tarar da yagaggun buhuna sun toshe magudanar ruwa, da kwalaben maganin ƙwari a yashe, da tulin shara ana ƙonawa, hayaƙinta na shiga hancin masu tallan abinci. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan da ke bayan sito yana wuyan mai sito kamar yadda buhunan da ke cikinsa suke wuyansa, kuma ba ya fita daga alhaki don kawai ya share ɗakinsa ya tura sharar waje.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani mai gamsarwa game da ajiya, wadda suke kira wadi'a, har Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya sanya ta cikin babukan Risala, littafin da almajiran ƙasar Hausa suka tashi da karatunsa. Hukuncin a taƙaice shi ne, wanda aka bai wa ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa lamuni idan kaya suka salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. 'Yan kasuwarmu sun riƙe wannan sosai ta fuskar mai kaya, domin da wuya ka ga mai sito ya yarda buhu ɗaya ya ɓata a hannunsa, saboda ya san mutuncinsa shi ne jarinsa. Inda aka gafala shi ne, akwai waɗansu masu hakki da ba sa zuwa ƙirgen buhu, ba su kuma da takardar shaida a hannu, wato maƙwabcin da ruwan kwata zai shigar wa gida da damina, da yaron da zai tsinci kwalba a juji, da matar da za ta auni mudun wake a wani gari mai nisa ta dafa wa iyalinta. Shari'a ta hana cutarwa, ta yi hani da israfi da fasadi a bayan ƙasa, ban kuwa san wani malami da ya keɓe mai ciniki daga wannan hani ba.

Ba na cikin masu cewa sai an koya wa Bahaushe sake amfani da kaya, domin wanda ya san tarihin buhu a ƙasar nan ba zai faɗi haka ba. Zamanin dalar gyada, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, lokacin su Alhaji Alhassan Ɗantata, da buhun algarara ake aiki, wanda ake saƙawa da zaren tsiro, in ya tsufa ya ruɓe ya koma ƙasa ba tare da ya bar ɓarna ba. Da buhun leda ya maye gurbinsa, mutanenmu ba su fasa tattali ba. Je ka rumfar masu tsofaffin buhuna ka zauna, za ka ga dattijo ya kakkaɓe buhu, ya ɗaga shi sama yana duban inda haske ke ɓullowa, ya ware mai lafiya gefe guda, mai ƙaramar huda ya ɗauko basilla ya yi masa faci da ƙyallen wani da ya riga ya mutu, wanda kuwa ya gaji da ɗaukar kaya a farke shi, a haɗa shi da 'yan'uwansa a ɗinka shimfiɗar shanya, ko a warware zarensa a tufka igiyar ɗaure akuya. Buhu ɗaya sai ya yi aiki hawa uku ko huɗu kafin a sallame shi, kuma mutane da yawa suna ci da iyalinsu ta wannan hanya. Wannan hikima ce, ya kamata a yaba mata.

Sai dai tattalin da babu tantancewa a cikinsa yakan rikiɗe ya zama musiba, a nan kuwa nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Buhun da ya ɗauki taki, ko irin shuka da aka cuɗa da magani, idan ya shiga hannun mai tsofaffin buhuna ba tare da wata alama ba, gobe sai ka gan shi cike da garin tuwo. Jarkar maganin feshi, da yake robarta mai kauri ce kuma murfinta na kamawa gam, sai yaron sito ya ɗauraye ta sau ɗaya ya sayar, wani ya zuba man gyada ko ruwan sha, alhali kuwa in ka buɗe ka sansana, warin na nan bai tafi ba, domin roba tana shan abin da aka zuba mata. Masana aikin gona sun daɗe suna faɗakarwa cewa irin wannan mazubi a ɗauraye shi sau uku, a huda gindinsa yadda ba zai ƙara riƙe komai ba, sa'an nan a ware shi daga sauran shara. Huda jarka ba ya cin minti ɗaya, amma yana nufin mai sito ya haƙura da 'yan kuɗin da zai samu in ya sayar da ita lafiyayya, kuma a wannan ɗan haƙurin ne ake gane wanda tsoron Allah ya ratsa cinikinsa.

Asalin yawan kwalaben nan kuwa shi ne yadda muka mai da guba abokiyar ajiya. Kakanninmu suna da rumbu da rufewa, suna ajiye gero da dawa a damminsu ba tare da an sussuka ba, dabarar da Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Masar nuni da ita saboda shekarun fari. Wake kuma su cuɗa shi da toka ko yashi ko barkono. Na sani sarai wanda ke da buhu dubu ba zai iya bin wannan hanya ba, ba kuma ina kiran a koma baya ba ne. Amma tsakanin toka da kwarara maganin ƙwari na fiya-fiya a kan abincin mutane akwai tazara mai nisa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wanda shi ne ke cikin maganin Sniper, ta kuma tsawaita hanin a 2016, daga baya hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Turawa sun sami na'urar gwaji sun kare mutanensu, waken da suka ƙi kuwa bai koma gona ba, cikin tukwanenmu ya ƙare. Haka kuma ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhuna, iskar da take fitarwa tana kashe mutum in ya kwana kusa da ita a rufaffen ɗaki, garin da take bari kuma binnewa ya kamata a yi, ba a share shi tare da tsintar hatsin da almajirai da masu kiwon kaji ke kwasa ba.

Ga shi kuwa Allah ya kawo mafita wadda ba ta bukatar guba ko kaɗan. Akwai buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta bisa binciken da aka faro a arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da saƙaƙƙen buhu a waje, a ɗaure bakin kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, numfashi ya gagare su, su mutu, wake ya fito tas bayan watanni. In an kiyaye shi daga ɓera da tsinin ƙusa yakan yi shekara fiye da ɗaya ana mora. Masu sito sukan ce ya fi buhun gama-gari tsada, kuma 'yan dako ba sa tausaya masa wajen lodi, wannan kuwa gaskiya ne, ban raina uzurinsu ba. Amma in za a yi lissafi na adalci, sai a sa kuɗin maganin da ake saye duk bayan 'yan watanni, da kasuwar waje da aka rufe mana, da jinyar waɗanda ba su san abin da ya kwantar da su ba, duk a ɗaya gefen ma'auni.

Saura buhun da ya mutu murus, wanda rana ta cinye har yana marmashewa a hannu. Ƙona shi cuta ne ga ƙirjin jama'a, zubar da shi a kwata shi ke jawo ambaliya cikin unguwa, dabbar da ta haɗiye shi kuma sai ta yi ta ramewa har a yanka a tarar da shi cunkushe a tumbinta. Alhali Kano gari ne mai masana'antun roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma 'yan jari-bola suna sayen roba a kan sikeli su kai inda ake niƙa ta a narka a sake ƙera wani abu. Abin da ya hana wannan tafiya daidai shi ne, kaya na isa gare su a cakuɗe, mai tsabta da mai guba wuri ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda suke iya tara kuɗin masu gadi da na gyaran masallaci, suna kuma iya sasanta rigimar miliyoyi tsakanin dillali da fatake, ba za su gaza ware rumfa ɗaya a kowane layi ba, inda za a riƙa tara matattun buhuna a ɗaure a sayar, da wani kullallen wuri dabam domin hudaddun kwalaben magani, a shafa jan fenti a kan duk buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko iri mai magani, sa'an nan a sa wa wanda aka kama yana sayar da jarkar guba ba a huda ba tara daidai da wadda ake sa wa mai tauye mudu.