Ƙaramar motar Indiya a titunan maƙwabta: Ina muka dosa da motocin Kwatano?

Duk wanda ya leƙa birnin Abidjan na ƙasar Kwaddebuwa ko Akara ta ƙasar Gana a 'yan shekarun nan, abu na farko da zai lura da shi a kan titi shi ne yadda wasu ƙananan sababbin motoci suka shiga harkar haya. Motoci ne irin waɗanda ba su da doguwar but a baya, sai ƙofa guda da ake ɗagawa sama, kuma akasarinsu ƙirar Suzuki ne da ake yi a ƙasar Indiya, musamman Alto da S-Presso. Mu da muka saba ganin tsofaffin Golf da Corolla da Starlet da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano, wannan canji ya isa mu tsaya mu yi nazari, domin abin da ya kawo shi can yana nan yana ƙwanƙwasa tamu ƙofar.

Bari mu fara da ita kanta motar. Za mu ɗauki S-Presso a matsayin misali, tun da tana cikin waɗanda aka fi gani. Kamfanin Maruti Suzuki ne ya fito da ita a Indiya a watan Satumba na 2019, daga bisani ta bazu zuwa kasuwannin Afirka. Injinta silinda uku ne, girmansa lita ɗaya, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki 67 zuwa 68 ba. Tsawonta mita 3.56 ne, faɗinta mita ɗaya da rabi da 'yan kai, nauyinta kuma bai kai kilo 800 ba. Tankinta yana cin lita 27 kacal. Akwai mai giyar hannu guda biyar, akwai kuma wadda ke canza giya da kanta ba tare da direba ya taka kuloci ba. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne tashinta daga ƙasa, wanda ya kai santimita 18, abin da ke da amfani ƙwarai a unguwannin da ramuka da kwatami suka yi wa katutu.

Babban abin da ke sayar da ita shi ne rashin shan mai. Alƙaluman kamfanin sun nuna cewa ba ta kai lita biyar a tafiyar kilomita 100. Ko da yake kowane direba ya san alƙaluman kamfani daban, abin da ake gani a cunkoson kasuwa daban, lissafin yana da sauƙi. A ce ɗan tasi yana yin kilomita 150 a yini. Idan tsohuwar motarsa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, zai sayi lita 15 ke nan. Idan ƙaramar ta sha ko da lita shida ce, lita tara zai saya. Rarar lita shida a kullum, a ƙarshen wata ta zama kuɗin hayar gida da na makarantar yara.

Game da yanayin tuƙinta kuwa, masu gwajin motoci a Indiya da Afirka ta Kudu kusan bakinsu ɗaya. A cikin gari tana da daɗin sha'ani: sitiyarinta ba nauyi, tana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, kujerar direba tana da tsayi ta yadda zai riƙa hango gabansa sosai, kuma saboda rashin nauyinta, ɗan injin nan yana jan ta ba tare da wahala ba. Amma da an hau babban titi sai labari ya sha bamban. Ƙarar inji da ta iska suna shigowa ciki, kuma da yake doguwa ce siririya, idan tirela ta gifta ko iska mai ƙarfi ta taso daga gefe, sai direba ya riƙe sitiyari da kyau. Idan aka cika ta da mutane aka kuma kunna na'urar sanyaya ciki, wuce wata mota yana buƙatar lissafi da haƙuri. Ita kuma mai canza giya da kanta takan ɗan yi jinkiri tsakanin giya da giya, har fasinja ya ji kamar an ja numfashi. A taƙaice dai motar cikin gari ce, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To, me ya sa ta samu gindin zama a maƙwabta? Dalili na farko doka ce. Gwamnatin Kwaddebuwa ta fitar da doka a ƙarshen 2017, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 2018, inda aka hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara biyar da ƙerawa. Da tsohuwar motar Turai mai araha ta daina shigowa, sai tazarar farashi tsakanin ta-hannu da sabuwa ta ragu, masu zuba jari a harkar haya suka karkata ga sabuwa mafi araha. Dalili na biyu shi ne kamfanonin hayar mota ta wayar salula irin su Yango da Uber, waɗanda ke buƙatar motoci masu tsabta da ba sa shan mai. Na uku kuma, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne bashi. Direba ba ya ajiye kuɗin mota gaba ɗaya, ana ba shi ne ya riƙa biya a hankali daga abin da ya samu. Ko a Legas, ta irin wannan hanya ce waɗannan motoci suka shigo, ta hannun kamfanin Moove da ya fara aiki a 2020 tare da haɗin gwiwar Uber.

Ita kuwa Gana wata hanyar ta bi. Ta jawo kamfanoni su zo su riƙa harhaɗa motoci a cikin ƙasar. Volkswagen ya fara a 2020, kamfanin Toyota Tsusho ya buɗe masana'antarsa a Tema a 2021, kuma a nan ne aka fara harhaɗa Suzuki Swift a 2022. A shekarar 2020 majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka haura shekara goma, amma dillalan motoci da bakanikai suka yi ca, gwamnati ta jingine aiwatar da ita a lokacin. Wannan ya nuna mana cewa tsohuwar mota abinci ce ga dubban gidaje, kuma ba a kawar da ita da sa hannu a takarda kawai.

Wani abin da da yawa daga cikin direbobinmu ba su sani ba shi ne, hatta sunayen da suka saba da su sun canza gida. Sabuwar Toyota Starlet da aka fara sayarwa a Afirka a 2020, Suzuki Baleno ce ta Indiya aka liƙa mata tambarin Toyota. Haka nan sabuwar Vitz ta 2023, Suzuki Celerio ce. Saboda haka wanda ya je neman sabuwar ƙaramar Toyota a yau, mai yiwuwa motar Indiya zai koma da ita gida.

Idan muka dawo gida, lamarin ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko ita ce man fetur. Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 29 ga Mayu, 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai, inda lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Girgizar ba ta tsaya a Nijeriya ba, domin man da ake tsallakawa da shi Benin da Nijar da Kamaru shi ma ya yi tsada. Tun daga lokacin, tambayar farko da mai sayen mota ke yi wa dillali ita ce nawa take sha. Ta biyu kuma ita ce hanyar Kwatano. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga watan Janairu na 2017, sannan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023 ya jawo rufe iyakar Benin da Nijar, abin da ya dagula hanyar da motoci ke bi zuwa Yamai da Maraɗi. Ga kuma matsayar da ministocin ƙungiyar ECOWAS suka cim ma a Wagadugu a watan Fabrairu na 2020, ta taƙaita shekarun ƙananan motocin da za a riƙa shigowa da su zuwa biyar, tare da bai wa ƙasashe wa'adin shekara goma su daidaita dokokinsu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa, da yawansu ba su cika ƙa'idar hawa titi a ƙasashen da suka fito ba. Duk alamu na nuna cewa ƙofar tsohuwar mota tana ƙara ƙuntata.

Sai dai kafin mu yi tafi, akwai maganar rai. Ƙungiyar Global NCAP, wadda ke gwada ƙarfin motoci ta hanyar buga su da gangan a gudun kilomita 64 a sa'a, ta gwada S-Presso ta kasuwar Indiya a 2020, mai jakar iska guda ɗaya ta direba, kuma ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2022 aka gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu, mai jakar iska biyu, ta samu taurari uku cikin biyar wajen kare manya, biyu wajen kare yara, amma duk da haka aka bayyana cewa gangar jikinta ba ta da ƙwarin da ake buƙata. Darasin a nan shi ne, suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. Abin da aka sanya a cikinta ya danganta ne da abin da dokar ƙasar da za a kai ta ta tilasta. Ƙasar da ba ta gindaya sharaɗi ba, ita za a kai wa wadda aka rage wa kaya.

Wannan ya fi damun mu idan muka tuna halinmu na lodi. A tashoshinmu, daga Kano zuwa Jibiya ko daga Maraɗi zuwa Ɗan Issa, motar mutum biyar takan ɗauki bakwai, ga buhuna a baya har ƙofa ta ƙi rufuwa. Tsohuwar Golf ta jure wannan azaba shekara da shekaru. Motar da nauyinta bai kai kilo 800 ba, aka ɗora mata irin wannan kaya aka hau babban titi da ita, an sayi tsautsayi da kuɗi ke nan.

Haka nan akwai maganar gyara. Abin da ya raya tsofaffin motoci a ƙasar nan shi ne kayan gyara na hannu da ke jibge a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, da kuma bakaniken da ya san ciki da wajen injinsu. Sabuwar mota kuwa tana zuwa da na'urorin da sai an jona kwamfuta kafin a gano ciwonta, kuma kayanta sai a wurin dillalin kamfani, wanda ba kowane gari yake da shi ba. Sannan shi kansa bashin yana da ƙaya. Motar da kuɗin waje ake sayo ta, direba kuma da Naira yake karɓar kuɗin fasinja. Duk lokacin da Naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2023 da 2024, balas ɗin da ake nema a hannunsa yana iya tashi alhali cinikinsa yana nan inda yake. A nan 'yan Kwaddebuwa sun fi mu sa'a, domin Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na Yuro.

Abin da muke gani shi ne, gwamnatocinmu su ɗauki darasin maƙwabta gaba ɗayansa. Kada a rufe ƙofar tsohuwar mota kafin a buɗe ta bashi mai sauƙi da kuɗin gida, ta hannun ƙungiyoyin direbobi da bankuna. A gindaya sharaɗin cewa duk sabuwar motar da za ta shigo sai tana da jakar iska aƙalla biyu da birkin ABS. A tilasta wa dillalai ajiye kayan gyara da horar da bakanikai a manyan garuruwan Arewa. Kuma tun da a Indiya ana ƙera S-Presso mai amfani da iskar gas tun daga masana'anta, shirin gas na CNG da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana iya duba wannan ɓangare. Mun taɓa ganin zamanin da ma'aikaci ke sayen sabuwar Fijo da aka harhaɗa a Kaduna, bayan buɗe masana'antar a 1975, kuma bashin mota na wurin aiki ne ya sa hakan ya yiwu.

Shi kuwa direba ko magidancin da ke tunanin saye, shawararmu gare shi ita ce ya tambayi jakar iska nawa ce a cikin wadda za a ba shi, ya tabbatar da inda zai samu kayan gyara a garinsu, ya karanta takardar bashi da kyau ko ya sa a karanta masa, musamman wurin da ya shafi canjin kuɗi. Idan ya saya kuma, ya bar ta a aikin da aka ƙera ta dominsa, wato zirga-zirgar cikin gari da mutanen da kujerunta suka ɗauka. Allah Ya kiyaye hanya.