Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Antoni Janar Lauyan Wa Ne?

Manomin albasa a Aliero, ko fatake a kasuwar Jega, ba lalle ne ya taɓa jin sunan Antoni Janar na Jihar Kebbi ba. Amma ranar da 'yan sanda suka kama ɗansa bisa zargin babban laifi, kamar fashi ko kisan kai, ranar zai san cewa makomar yaron tana kan teburin wannan mutumin. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke irin wannan shari'a. Abin da takan yi shi ne ta tura wanda ake zargi gidan gyaran hali, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a a Birnin Kebbi, a zauna jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Wannan ofishi, mai mabuɗin 'yancin talaka a hannunsa, shi muka ɗora wa rawani biyu. Matsayina shi ne lokaci ya yi da za a warware ɗaya.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne ya ƙulla wannan auren. Sashe na 150 ya mai da Antoni Janar na Tarayya babban jami'in shari'a na ƙasa, kuma minista. Sashe na 195 ya yi haka ga jihohi: babban jami'in shari'a, kuma Kwamishinan Shari'a. Sannan sashe na 174 da na 211 suka ba su ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye kowace ƙara kafin a yanke hukunci. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne su duba maslahar jama'a da ta adalci, su kuma hana wasa da tsarin kotu. Sai dai wa zai duba ko sun duba? A shari'ar Ilori ta 1983, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotu ba za ta tuhumi Antoni Janar kan dalilinsa na janye ƙara ba. Abin da ya rage masa na tsoro shi ne wanda ya naɗa shi, sai kuma bakin duniya.

A nan gizo yake saƙa. Mutumin da aka ba wannan iko ɗan siyasa ne. Shugaban ƙasa ko gwamna ne ya zaɓo shi, yana zama a majalisar zartaswa, kuma ana iya sallamarsa da sanarwa ta layi biyu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ta yaya za a sa ran wanda kujerarsa ke hannun gwamna ya gurfanar da na hannun daman gwamna, ko ya ce masa umarnin kotu ya fi ƙarfin son ransa?

Tarihinmu na kusa ya ba da amsa. Michael Aondoakaa ya riƙe muƙamin daga 2007 zuwa 2010. An kai shi ƙara bisa rubuta wasiƙun da suka nemi kada a aiwatar da hukuncin kotu kan wata kujerar Majalisar Wakilai a Jihar Akwa Ibom. A Disamba 2021 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da ya haramta masa riƙe muƙamin gwamnati. Babban mai gadin doka ke nan aka samu yana tare wa hukunci hanya.

Misali na biyu daga gida yake, kuma adalci ya ce kada mu tsallake shi don ɗan jiharmu ne. Abubakar Malami, haifaffen Birnin Kebbi, shi ne Antoni Janar daga 2015 zuwa 2023. A zamaninsa aka tsare Kanar Sambo Dasuki tun Disamba 2015, duk da belin da kotuna suka bayar, duk da hukuncin Kotun ECOWAS na 2016 cewa tsarewar ta saɓa doka. A Yulin 2018 ya shaida wa sashen Hausa na Muryar Amurka cewa maslahar jama'a ce ta sa ba a sake shi ba. Sai ranar 24 ga Disamba 2019 aka sake shi, bisa umarnin ofishin nan dai. Ko Dasuki yana da laifi ko ba shi da shi, wannan aikin alƙali ne. Abin tambaya shi ne, me ya sa belin da alƙali ya bayar ya jira shekara huɗu kafin fada ta yarda?

Misali na uku ya fi taɓa zuciya. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Cikinsu akwai ƙananan yara daga Arewa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu. Antoni Janar Lateef Fagbemi ya nemi a kawo masa fayil ɗin, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakin yaran ranar 4 ga wata, washegari aka janye tuhumar. An yi daidai, amma ikon da aka yi aiki da shi a Nuwamba yana nan tun Agusta. Wata uku yana barci, sai da hoton yaran ya karaɗe duniya ya farka. Yaron Maiyama da ba kyamarar da za ta ɗauki faɗuwarsa fa, wa zai farkar masa da shi?

Wannan tambaya ba ta shaci-faɗi ba ce. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso. Amma wanda rabin ranarsa ke tafiya a taron majalisar zartaswa da lissafin zaɓe, fayil ɗin ɗan manomi ba shi ne abin da ke hana shi barci ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba za a raina ta ba. Sun ce kowace gwamnati na buƙatar lauyan da ta amince da shi, kuma mai gabatar da ƙara da ba ya jin tsoron kowa zai iya zama dodo. Duka biyun gaskiya ne. Amsar ta farko: a bar wa gwamna Kwamishinan Shari'a, ɗan siyasa, ya ba shi shawara ya kuma kare manufofinsa. Amsar ta biyu tana Kenya. Kundinsu na 2010 ya ware ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ya ba shi wa'adi ɗaya na shekara takwas, ya hana kowa ba shi umarni, sannan ya hana shi janye ƙara sai da izinin kotu. An kwance shi daga fada, an ɗaure shi ga doka.

Mu ma mun taɓa kai wa bakin ƙofa. Gyaran kundin da Majalisar Tarayya ta kammala a 2015 ya ƙunshi raba muƙaman biyu, amma Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu. Ba mamaki, don da wuya mai riƙe da wuƙa ya miƙa ta da kansa.

Saboda haka aiki ya koma kan masu zaɓe. Gyaran kundi ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince, wato 24 cikin 36, kuma Majalisar Dokokin Kebbi ɗaya ce daga ciki. Wakilan Jega da Aliero da Maiyama suna da ƙuri'a a can. A tambaye su matsayinsu kafin a tambaye su taki. A nemi Antoni Janar mai tsayayyen wa'adi, wanda majalisa kaɗai za ta iya tsigewa, wanda zai rubuta dalilin duk ƙarar da ya janye, ya kuma bayyana wa majalisa duk shekara yawan fayilolin da suka wuce wa'adi a ofishinsa.

Waɗannan garuruwa uku suna ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, marubucin Diya'ul Hukkam, ya zauna. Mutanen da suka gaji wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga ra'ayin cewa mai mulki ma yana ƙarƙashin shari'a. Albashin Antoni Janar daga aljihun jama'a yake fita. Wanda ya biya lada, shi ya cancanci askin.